Ranar da Na Saki Hulata a Filin Sofbol

Daren jiya wani mafarki ya yi awon gaba da ni. Amma bari in fara faɗin ko ni wane ne, kada a ce zafin bazara ne ya taɓa min kai. Sunana Tanko. Malamin motsa jiki ne ni a wata makarantar 'yan mata a Gusau, kuma alƙalin wasan sofbol. Na san da yawa ba su san wasan ba. Ƙwallo ce ake jefowa ta ƙasa-ƙasa, wata ta make ta da gora, ta kwasa da gudu ta zaga tashoshi uku, ta dawo inda ta tashi, wurin da muke kira gida. Ni ne mai tsayawa a gidan nan in yanke hukunci. Idan ƙwallo ta riga ta isowa, in ɗaga dunƙulen hannu ɗaya, ta fita ke nan. Idan ita ta riga ƙwallo, in ware hannuwana biyu, ta tsira. Mu alƙalan wasan nan a garinmu, idan muka taru babur ɗaya zai kwashe mu, amma wajen tsafta da ado ba a ja da mu. Ni kam ko rana za ta narka kwalta, ba na shiga fili sai da zanzaro, da karin wando, da hula zaune daram a kaina.

To, a mafarkin sai ga ni tsaye a bakin wata kasuwa ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa. Yana tsattsafowa daga turɓaya ya haura, ya tafi ya tarar da gajimare. Kowa ya ajiye lemarsa a ƙasa ya taka. Mata sun kwashe shanya sun hau da ita kan rufi, masu tarar ruwa kuma sun rataye bokitansu a kife a jikin reshe. Ban yi mamaki ba, na dai tattare bakin wandona.

Wani jaki ya zo wucewa da lasifika a wuya yana shela.

“Ana sanar da jama'a! Wasan ƙarshe yau da azahar, kuma Tanko ne alƙali!”

Wayyo daɗi! Tun da na fara aikin nan burina ke nan, a ba ni wasan ƙarshe, amma kullum na share fage ake tura ni, wanda 'yan kallonsa ba su wuce mai sayar da rake da ƙudajensa ba. Na daka tsalle na rungume jakin.

“A'a, malam,” ya ce, “kada ka yamutsa rigarka. Ba ka je ofis ba tukuna.”

Sai ga ni a ofis. Ban san yadda na je ba, kuma ban tambaya ba. A ƙofa an rubuta Hukumar Suturar Alƙalan Wasa, a ciki kuwa awaki ne ke aiki, kowace da teburinta. Wata jar akuya tana amsa waya, tana ɗan tauna igiyar wayar idan wancan ɓangaren na magana. Shugabansu wani bunsuru ne mai gemu da tabarau. Yana zaune ƙarƙashin fanka, fankar a tsaye cak, kujerarsa ce ke juyawa da shi.

“Ranka ya daɗe, ni ne Tanko.”

“Mun sani,” ya ce da kujera ta kawo shi. “Juya mu gani.”

Na juya ina ƙasaita, don na san kaina. Ya sauko ya leƙa baƙin takalmina, ya ga fuskarsa a ciki, ya tsaya ya taje gemu. Ya ɗauko albasa ya goga a karin wandona, ta rabe biyu, ya ba jar akuya rabi. Ita kuma ta zagaya bayana ta kama rigata da haƙori ta ja da ƙarfi, zanzaro bai ko motsa ba. Duk ofishin aka buga kofato a tebur. Daɗi ya cika ni har kunne.

Daga nan suka shiga ɗora min kaya. Garkuwar ƙirji, makarin ƙwauri, takunkumin ƙarfe na fuska, sannan wata riga baƙa mai dogon hannu, mai kauri kamar bargo.

“Ranka ya daɗe, a zafin nan?” na ce. “Ko a taimaka min da mai shara-shara, mai gajeren hannu?”

“Wane zafi?”

“Na rana.”

“Bai taɓa zuwa ofishin nan ya gabatar da kansa ba. Wanda bai zo ba, ba mu san da shi ba.”

A ƙarshe ya buɗe durowa ya fito da hula, baƙar hana-sallah sabuwa fil, ya ɗora min da kansa. Ya cire tabarau ya dube ni.

“Saurara da kyau. Hular nan ita ce alƙalin, kai ɗaukarta kawai kake yi. Idan ta bar kanka, ko na ƙiftawar ido ne, mun tuɓe ka. Ba za ka ƙara tsayawa a fili ba har abada, a nan da kuma can inda ka fito.”

Dariya ta kusa kuɓuce min. Ni za a gaya wa riƙon hula? Ni da ake nuna ni ga sabbin alƙalai, a ce su kalli yadda nake zare takunkumi daga fuska hula ba ta ko girgiza ba? Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kujera ta juya da shi kafin in rufe baki.

Sai ga fili.

Ruwa ya ɗauke. Rana kuwa ba ta sama, ta sauko ta zauna kan katangar filin, ta miƙe ƙafa tana ɓarar gyaɗa. Jama'a maƙil, har kan bishiyoyi. Ga makaɗa, ga mata na rangaɗa guɗa, ga masu kiran sunana ta kowace kusurwa. Na shiga ina taku ɗai-ɗai, kayan ƙarfe na ƙara a jikina, ina jin kaina wani babban mutum. A gefe akwai wani dogon benci cike da tsofaffin alƙalai, kowa cikin cikakkiyar sutura, kowa ya dafe hularsa da hannun hagu. Na ɗauka gaisuwar garin ce, ni ma na dafa tawa na gaishe su. Babu wanda ya yi murmushi.

A tasha ta uku na hango ta.

Yaya Marka ce. Yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni, wadda aure ya kai Kumasi tun ina sabon malami. Kowace Sallah sai ta bugo waya ta ce bana kam tana tafe, Sallah ta zo ta wuce ba mu gan ta ba. Ga ta nan tsaye, ta ci ɗamara da mayafi, jakar bakko a ka, ƙafa ɗaya kan tasha. Murna ta kusa kayar da ni. A ƙa'ida alƙali ba ya hira da 'yan wasa, don haka na zaro ɗan burushin da muke share gida da shi, na tafi tasha ta uku na durƙusa, wai ina share ƙura.

“Yaya! Yaushe a gari?”

“Wane gari, Tanko? Nan ai tasha ce. Gida ga shi can.” Ta nuna da baki.

“To me kike jira?”

“Alƙali nake jira. Duk shekara sai in taso, in wuce tasha ta ɗaya, in wuce ta biyu, in zo nan in zuba da gudu in taɓa gida, alƙali ya ce na fita. Da ya faɗa sai in gan ni a Kumasi ina wanke-wanke.”

“Ƙwallo ce ke riga ki?”

“Wa zai riga ni? Ni da nake kamo ka a guje in ka tsere wa wanka?” Ta sauya wa jakar zama a kanta, muryarta ta yi ƙasa. “Amma gwiwoyina sun soma ciwo, ƙanena. Ba na jin zan iya wata zagayowar. In ba a bar ni na shiga yau ba, na haƙura da gida ke nan.”

Na miƙe na bugi ƙirji, garkuwa ta yi ƙara.

“Yaya, yau ni ne alƙali. Alfarma ba zan yi miki ba, amma in kika riga ƙwallo, sai duniya ta ji.”

“Tafi wurin aikinka,” ta ce. “Kuma ka daina buga ƙirji, za ka yi tari.”

Aka fara wasa. Na tsuguna bayan mai cafe ƙwallo, ina kiran jifa mai kyau da maras kyau da wata murya da ban san ina da ita ba, jama'a na amsawa. Abin da ban yi tunani ba shi ne, a garin da ruwa ke hawa sama, gumi ma hawa yake yi. Daga idon sawu ya fara. Ya bi ƙwaurina ya haura, ya ratsa ƙarƙashin garkuwa, ya bi wuya da bayan kunne, ya tafi ya taru cikin hula. Rana ta matso kaɗan a kan katanga don ta ga wasa da kyau. Can sai na ji hula ta soma rawa kamar murfin tukunya idan ruwa ya tafasa. Na yi maza na danne ta da hannun hagu.

Daidai lokacin aka maka wa ƙwallo gora. Wata doguwar mata mai tallar nono ta taso daga tasha ta biyu, ta ba Yaya haƙuri ta wuce ta, don a garin ana yin haka. Ta iso gida da wuri ƙwarai, har ta sauke ƙwarya ta zauna ta huta. Sai daga baya ƙwallo ta iso, a ƙasa, tana haki. Ko makaho ya san matar nan ta tsira. Na buɗe baki in faɗa, na zo ware hannuwa, sai na tarar ɗaya na kan hula. Na daman ya tashi shi kaɗai, ya dunƙule, bakina kuma ya bi hannu.

“Ta fita!”

Matar ta ɓace nan take, sai takalmanta na roba a wurin. Jama'a suka tafa. A kan benci tsofaffin alƙalan suka gyaɗa kai, suka muskuta suka bar min wurin zama.

Nan na gane. Hukuncin tsira hannu biyu yake so, kuma a filin nan babu alƙalin da ke da hannu biyu. Kunya ta rufe ni, tsoro ya biyo baya, don na ga Yaya na gyara ɗamara.

Na tsayar da wasa na ruga wurin bunsuru, wanda ya zo kallo da kujerarsa tana ta juyawa a bakin fili.

“Ranka ya daɗe, a ba ni igiya in ɗaure hular a haɓa.”

“Igiya ba ta cikin sutura. Kuma mun cinye.”

“To in ɗan ɗaga ta in zubar da gumin.”

“In ka ɗaga ai ta bar kanka.”

“In ware hannu ɗaya da ƙafa ɗaya fa?”

“Wannan rawa ce. Ofishinta daban.”

“To, ranka ya daɗe, ta yaya mutum zai tsira a wasan nan?”

Ya jira kujera ta dawo da shi. “Ba a taɓa kawo mana ƙorafi ba,” ya ce. “Waɗanda suka fita ba sa nan.”

Ina komawa wani tsohon alƙali mai furfura a gira, Malam Nomau, ya ja ni da hannunsa na dama.

“Riƙe hularka, ɗana,” ya raɗa min. “Na farkon ne yake da ciwo. Daga nan hannu ke yi da kansa.”

Na zame daga riƙonsa. Na koma wurina na tsuguna, hannu a ka, hula na tsalle a ƙarƙashin tafina.

Mai bugu ta gaba wata tsohuwa ce, kuma ba gora ta riƙo ba, taɓarya ce. Ta tofa yawu a hannu, ta gyara tsayuwa. Aka jefo. Ƙwal! Ƙwallo ta tashi ta bi iska, ta wuce ta gaban hancin rana har gyaɗarta ta zube. Filin ya ɗauka da ihu gaba ɗaya.

Yaya ta taso.

Jama'a, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba! Mayafi na kaɗawa, jakar bakko na tsalle a kanta, zif ya ɓalle, tsaraba na zubowa a hanya. Ga doya na gangarawa, ga kwakwa, ga turmin atamfa ya warware yana bin ta a baya. Makaɗa suka haukace. Na zare takunkumi da hannun dama na yar, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. A cikina ina ta ihu, taho Yaya, taho, amma a fuska na daure, don ni alƙali ne. Can na hango ƙwallo ta juyo, wannan karon ba a ƙasa ba, a sama take tafe tana fito. Yaya na ɗingishi amma ba ta rage ba. Ƙwallo na matsowa, ita ma tana matsowa. Da ta ga saura ƙiris sai ta wurgar da jaka ta yi sufa, ƙura ta turnuƙe.

Na ga tafin hannunta ya mari gida. Bayan nan na ji ƙwallo ta faɗa hannun mai cafe. Tsakaninsu bai fi numfashi ba, amma na gani da idona, ta riga.

Fili ya yi tsit. Rana ma ta daina tauna. Hula ta cika ta batse, tana ture hannuna da ƙarfin gaske. Hannun damana ya soma dunƙulewa da kansa, yana tashi a hankali, kamar yadda Malam Nomau ya faɗa. Ba zan ɓoye ba, ina son aikin nan. Ina son guga da asuba, ina son ƙamshin sitati, ina son yadda fili ke yin shiru a jira abin da zan ce. Tunanin ba zan ƙara tsayawa a nan ba ya soki zuciyata. Na dubi ƙasa. Yaya na kwance cikin ƙura, hannunta kan gida, ta ɗago kai tana kallona. Ba roƙona take ba. Irin kallon nan ne da take min ina yaro, in tana jira in faɗi gaskiya.

Na saki hula.

Na ware hannuwana biyu iya tsawonsu, har kafaɗata ta yi ƙara.

“Ta tsira! Ta tsira! Wallahi ta tsira!”

Hula ta yi sama, gumi ya bi ta tsaye, sanƙon da nake ta ɓoyewa ya fito fili yana walƙiya a gaban dubban jama'a. Filin ya tsage da ihu. Mutane na faɗowa daga bishiya, makaɗa na fasa ganguna, tsohuwa mai taɓarya na rawa. Ni ma ihu nake, ina tsalle da kayan ƙarfe, hawaye na bin goshina suna hawa sama. A kan benci Malam Nomau ya bi hulata da kallo har ta ɓace, sannan ya ƙara danne tasa.

Bunsuru ya sauko daga kujera, awaki na biye da shi.

“An tuɓe ka,” ya ce.

Jar akuya ta fara da bel ɗina. Wasu suka kama riga, wasu igiyar takalmi, suna ci a tsanake. Ban hana su ba.

“Na ji, ranka ya daɗe. Hukuncin fa?”

Ya ja gemu, ransa a ɓace. “Ya riga ya fita daga bakinka. Ba mu da ofishin da ke kamo hukunci ya dawo da shi.”

Sai ga ni a tsakar gidanmu, daga ni sai singileti da wando, ƙafa ba takalmi. Babu fili, babu awaki. Ana buga ƙofar zaure.

“Tanko! Buɗe mana, kayan nan da nauyi.”

Na kwasa da gudu. Ina ƙwala wa Inna kira ta fito, Yaya ce, Yaya ta zo! Na kama sakata na ja, ta cije. Bugu na ƙaruwa. Na sa hannu biyu ina ja ina dariya, ina jin motsinta a bayan ƙofa, har ina jin tana sauke numfashi.

“Ga ni nan, Yaya! Ga ni nan!”

Da maganar a bakina na buɗe ido. Gari ya waye, matashin kaina sharkaf da gumi. Bugun bai tsaya ba. Maƙwabcina ne, Malam Ilu, ya hau rufin kicin ɗinsa da guduma yana kafa ƙusa a kwano.

Daga tsakar gida matata ta ɗaga murya. “Malam, wa ya zo?”

“Ba kowa,” na ce.

Duk da haka sai da na tashi na je na zare sakata, na leƙa lungu dama da hagu.